Tumatirin Bayan Masai

Shekarar da muka baro ƙauyenmu na bayan Zurmi saboda mutanen daji masu bindiga, a Kaura Namoda muka sauka, cikin wani tsohon gida a ƙarshen gari mai ɗakuna jere da tsakar gida ɗaya. Duk mazauna gidan irinmu ne, kowa ya baro gonarsa da rumbunsa. Ɗaki biyu muka samu, ɗaya ni da maigidana, ɗaya Inna, mahaifiyarsa.

Masai ɗaya ne ga gidan gaba ɗaya. Daɓensa ya tsage, bakin ramin ya zaizaye, babba ma sai ya lura da inda zai sa ƙafa. Don haka ba a barin yara su shiga. Akwai wani lungu tsakanin bangon masai da katangar gida, a nan suke tsugunawa. In yaro ya gama, uwarsa ta ɗebo toka a sakaina ta watsa a kai, an wuce wurin. Nan ake juye fo, nan ake zubar da shara, ruwan wanka ma in ya gangaro nan yake kwanciya.

Tun ranar farko lungun nan ya tsaya mini a rai. Ni ba 'yar birni ba ce, firamare ma ban ƙarasa ba, amma a ƙauye muna da sarari. Abu yakan bushe, iska ta tafi da warinsa. Nan kuwa ga yara gida guda, ga lungu ɗaya. In rana ta take, wari ya taso kamar a majema. Ga korayen ƙudajen nan masu ƙyalli, waɗanda in sun tashi daga can ba su san wurin sauka ba sai bakin kwano da gefen idon jariri. Matan gidan suna cewa kashin yaro ba ƙazanta ba ne, ai nono ne da kunu. Ni dai hancina bai taɓa yarda da wannan magana ba.

Yarona a lokacin ya doshi shekara biyu, kuma shi ne na fari. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Ba na kiran sunansa. Ba na ce masa ɗana a gaban mutane, ba na yi masa wasa in akwai babba a wurin. In ya faɗi ya fasa leɓe, sai in kau da kai in jira wata ta ɗaga shi. Kunyar ɗan fari ke nan, haka na ga uwata ta yi da yayanmu, kuma ban taɓa ganin aibinta ba. Da aka yaye shi, aka naɗe 'yar tabarmarsa, aka haɗa da kwanonsa, aka kai ɗakin Inna. Daga ranar, abin da zai ci da abin da zai sha ya koma hannunta. Abin da aka bar mini shi ne wankin kayansa da juye masa fo, don wannan ba a sa masa kunya ba.

Inna na sonsa, ba zan ɗauki alhakinta ba. Angonta take ce masa, irin wasan kaka da jika. "Ango, yau ma ba cehwane? Wane irin miji na wanga, sai ci sai kashi?" Shi kuma ya yi ta ƙyalƙyala dariya yana ja mata zane.

Mun iso ne a ƙarshen rani, lokacin da tumatirin lambu ke araha. Maigidana ya samu bin wata motar kaya tsakanin Kaura da Shinkafi, yana lodi yana saukewa. In an sauke kwanduna, akan bar waɗanda suka fashe a ƙasan mota, shi kuma ya kwaso a buhu ya kawo gida. Kowa ya ci. Manya a yanka musu a barbaɗa ƙuli-ƙuli da gishiri, yara kuwa haka nan suke tsotsar abinsu, ruwan yana bin haɓarsu har ciki. Aka yi ta ci har ya ƙare, aka manta, bazara ta shigo da zafinta.

Da ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo baya, wata safiya na je juye fo sai na ga kore a lungun. Ba irin ciyawar da ke fitowa a warwatse ba ce. Wannan tsibi-tsibi ta fito, nan cunkus, can cunkus, kowane tsibi kamar faɗin tafin hannu. Tsirrai sirara sun matse juna kamar gashin buroshi, kowanne da kunnuwa biyu dogaye, wasu ma ɓawon irin na maƙale a kansu kamar hula. Bayan 'yan kwanaki suka fitar da ganye na gaske, mai yanka-yanka da gashi-gashi. Na toshe hanci da bakin mayafi, na tsuguna, na murza ɗaya a yatsa na shinshina. Tumatir ne.

Na tsaya ina kallon yadda tsibin suka jeru a gindin bango, daidai inda yara ke tsugunawa, kuma daidai girman abin da yaro ke ajiyewa. Ba wanda ya gaya mini, da kaina na gane. Irin ta baki ya shiga, ya ratsa cikin yaro bai narke ba, ya fito, ya kwanta ƙarƙashin toka duk tsawon bazara yana jiran ruwa. Yawu ya cika mini baki. Na tofar, na goge yatsun a ƙasa, na je na wanke su har suka yi zafi. Ranar ban iya karyawa ba.

Na ɗauka awaki za su cinye shi a huta. Sai Inna ta gani.

Inna ta yi noma tun tana ƙwaila, kuma tun da muka zo Kaura ba ta da ƙasa ko faɗin tabarma. Wuni take a ƙofar ɗaki, hannuwanta a kan gwiwa kamar an aro mata su. Tana ganin tsiron nan ta ɗaga hannu sama. "Ikon Allah! Mun baro gona, ga gona ta biyo mu." Ta ɗaura zane a ƙugu ta shiga lungun. Ina kallo ta sa yatsunta cikin caɓin nan, ba ko tsinke, ta cire raunana ta yar, ta raba masu ƙarfi ta dasa da tazara. Ta sa aka samo mata ƙaya ta kewaye saboda awaki, ta kafa wa kowanne kara. Yara ta ce su matsa gefe kaɗan, amma kada su yi nisa.

Ban taɓa ganin tumatir ya yi irin wannan girman ba, kuma girman nasa ne ya fi tayar mini da zuciya. Ganyen ya yi kore har ya koma baƙi-baƙi. Jikin ya kai kaurin babban yatsa. Reshen da ya yi nauyi ya kwanta a ƙasa, sai in ga ya fitar da fararen saiwoyi daga cikinsa kamar tsutsotsi, sun nutse cikin caɓi suna sha, nan ma ya zama wani gindin. Wata kabewa ita ma ta fito daga cikin shara, ta riƙa miƙa 'yan hannuwanta masu lanƙwasa tana kama duk abin da ta taɓa, har ta haye bangon masai ta leƙa ciki. Tumatirin ya yi fure rawaya ƙanana. Da safe ƙudan zuma su zo, in rana ta ɗaga korayen ƙudajen nan su karɓe su, a kan fure ɗaya. Furen ya bushe, ɗan ƙullutu ya fito a gurbinsa, ya yi ta kumbura.

Abin da na lura da shi, wanda ban ga kowa ya damu da shi ba, shi ne in an yi ruwa mai ƙarfi. Ɗigon ruwa in ya bugi ƙasa sai ya fantsamo da ita sama. Da an ɗauke, in ka duba 'ya'yan da ke ƙasa-ƙasa sai ka gan su da ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa, kamar ƙwan zabo. Na san abin da ke cikin wannan ƙasar, ni ke zuba wani a ciki kowace safiya.

A daminar da ta gabata, muna ƙauye, na ga yadda amai da gudawa ya ɗauke 'yar maƙwabtanmu. Da hantsi tana wasan ƙasa, kashegari war haka an rufe ta. Idanunta sun faɗa ciki tun tana da rai. Kuma ranar da na kai yaron awo a Kaura, malamar asibiti ta tsaya a gabanmu ta ce na yara ma ya fi na manya ɗaukar cuta, a kiyaye ƙuda, a kiyaye abin da za a ci ɗanye. Sauran mata suna ta hirarsu. Ni kuwa maganar ta zauna mini daram.

Na fara gwada maigidana. Ya dawo da yamma yana wanke ƙafa a bakin ƙofa, na rage murya.

"Malam, ka ga abin da Inna taka reno bayan masai?"

"Na gani. Ya yi kyau, tubarkalla."

"Kyau? Ka san daga inda yah hito?"

"Ke, gonar da munka baro mi muka zuba mata, turare? Ba ni na ba dut shekara da jaki da mangala ina jidar taki?"

"Wancan na dabba na, kuma ya bushe. Wanga na mutum na, ɗanye, kullum ana ƙarawa."

"To mi kika so in yi?"

"Ka yi mata magana. In ya nuna, kada ta ba yaron ga."

Ya dube ni, ya yi 'yar dariya ta hanci. "In ce ma Inna mi? In ce matata ta ce kada ki ba jikanki abinci? Ni da ko ɗaukar shi ba ni yi gabanta? Miƙo man buta, ke dai."

Tunda ƙofa ta ƙi, sai na bi ta taga. Wata rana Inna na zaune tana gyaran ƙaya, wata kaza ta fito daga lungun da ƙafafu dumu-dumu ta nufi kwanukan da na wanke. Na kore ta, na ɗaga murya yadda za a ji.

"Ke kaza, dut abin da kinka tono can sai kin kawo muna bakin kwano? Ba ki san ciwo daga nan shika tasowa ba?"

Inna ba ta dube ni ba. Akuyar da ke ɗaure kusa da ita ta duba. "Akuya, ji mani ɗiyan zamani. Sun sha ruwan pampo kwana biyu sun hi ƙasa tsabta. Ƙasar da ka cinye mutum ɗungum ta hiddo hatsi, ita za ta kasa da kashin jariri?"

Matan tsakar gida suka kwashe da dariya. Na sunkuyar da kai na ci gaba da wanke-wanke, na sake wanke waɗanda na riga na wanke.

Da ya fara nuna, Inna ta tsinko cikin ƙwarya ta dire a gabana, don ni ke girki. Jajaye, manya, suna sheƙi. Wallahi da a kasuwa na gan su da na yaba. Na ɗauke su da gefen yatsa kamar mai ɗaukar mataccen ɓera. Na wanke da sabulu, na ɗauraye, na sake wankewa. Ina niƙawa ina kau da fuska, don 'ya'yan cikin nan masu santsi da ke zillo a kan dutse sun yi mini kama da waɗanda nake gani a fo. Na bar miyar a wuta har ta kusa ƙonewa. Kowa ya ci yana santi. Ni na ci tuwona gaya, na ce ƙwannafi ke damuna.

Akwai maƙwabciyata, 'yar Moriki, ɗakinta na jikin nawa, bakinta ba ya shiru. Ta leƙo ta ga tuwo ba miya. "A'a! Ƙwannahi? Ko dai an samu ƙanen ango? Inna, shirya zanen goyo!"

"Ke dai Allah shi shirye ki," na ce.

"To in ba shi ba, ci miya mu gani. Wuta ta kashe komi, 'yar gayu."

Ban ci ba. Amma maganarta ta ɗan kwantar mini da hankali ta wani gefen. Muddin ta tukunyata zai bi kafin ya kai bakin yaron, da sauƙi. Abin da nake tsoro shi ne ɗanye, don yaron ya koyi bin Inna har bakin ƙayar, yana riƙe da zanenta yana nuna jajayen da yatsa.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa da asuba, aka ɗauke da hantsi. Mata duk suna tsakar gida, wasu na daka, ni ina tankaɗe. Inna ta shiga lungun, yaron na biye. Na ga ta sunkuya ta tsinko ɗaya daga can ƙasa, wanda ya kusa taɓa caɓi, ina hango ɗigo-ɗigon jikinsa daga inda nake. Ta goga shi a zanenta sau ɗaya, zanen da ta gama jan gefensa cikin lungun, ta miƙa masa. "Ungo, ango. Kai kash shuka, kai ka ci."

Ya kai baki ya gatsa.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ji dai rariya ta faɗi, gari ya watse. Na fizge tumatirin na jefar, na sa yatsa a bakinsa na ƙwaƙulo abin da ya gatsa, yana ihu yana cizona. Sai na ji muryata, da ƙarfi, kamar ta wata:

"Kada ki kashe mani ɗana!"

Taɓarya ta tsaya a sama. Can 'yar Moriki ta ce a hankali, "La ilaha illallahu. Ɗanta wai."

Inna ta daɗe tana kallona. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Ashe kina da ɗa. Ban sani ba." Ta shiga ɗaki, ta fito da 'yar tabarmar da kwanon da takalmansa, ta jera su a ƙofata. "Ga ɗanki nan. Ubanai da nir rena, ga shi can shina yawo bisa mota, bai mutu ba." Ta koma ta saki labule.

Abin da nake nema na samu, yaro ya dawo hannuna. Na tafasa masa ruwan sha, na wanke masa hannu da baki, na goya shi ina aiki don kada ya taka ƙasa. Kowace safiya in duba fo kamar mai duba shinkafa. Kashegari 'ya'yan tumatir suka fito a ciki, ɗan abin da ya riga ya haɗiye, lafiyarsu lau ko ƙwarzane babu. Na yi ta jiran gudawa, ba ta zo ba.

Amma gidan ya yi mini zafi. In na wuce, sai in ji wata ta ce wa tata 'yar, "Zo nan, ɗana, ɗana," a yi ƙasa-ƙasa da dariya. Maigidana ya ce, "Kin kunyata ni gaban uwata," daga nan bai ƙara ba, sai sallama da amsawa. Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ban iya ɗauka ba shi ne yaron ya ƙi ci. Ya saba da hannun Inna, da yadda take mulmula masa loma tana yi masa tsiya. Ni in na kai masa baki sai ya kau da kai, ya cusa hannu a rigata yana neman abin da aka raba shi da shi. In na sauke shi, ya tafi ƙofar Inna ya kama labule yana kuka, ita kuwa ko tari. Na dama kunu ya ƙi, na yi fate ya tofar. Wuyansa ya fara tsawo, rigarsa ta fara yi masa yawa. Na tsare cikin daga ƙazanta, ga shi yanzu ba komai a cikinsa.

Lungun kuma ya ƙara lalacewa, don Inna ta daina shiga. Tumatirin ya nuna ya wuce, ya yi laushi, ya riƙa faɗowa yana fashewa. Wani sabon wari ya hau kan tsohon, mai tsami-tsami. In ka duba waɗanda suka fashe sai ka ga fararen tsutsotsi na iyo a ciki. Awaki suka ture ƙayar, kaji suka shiga suka yi ta tsattsaga, su ɗauko gutsure a baki su gudo tsakar gida, sauran su biyo su, a yi ta ja. Ba a jima ba sai ga tsiron tumatir ko'ina: gindin turmi, bakin kwata, inda ake ɗaure akuya, har gindin randata, a ƙofar ɗakina. Ina cirewa yana fitowa. Da, ƙazantar tana da iyaka, an kewaye ta da ƙaya. Yanzu ta bazu har inda nake ajiye ruwan sha, kuma ƙananan yara suna tsintar ruɓaɓɓun a ƙasa. Na yi tunanin in ɗauki fartanya in share lungun duka. Amma shukar Inna ce, in na taɓa ta na ƙara wani zagin a kan na farko.

Wata safiya na ɗaga yaron zan goya shi, na ji ya yi mini sakayau a hannu. Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauki tabarmar da kwanon, na riƙo hannunsa, na yi sallama a ƙofar Inna, na shiga na durƙusa.

"Inna, ina kwana."

"Lahiya. Wa ka magana? Uwar ɗa?"

"Inna, bakina ya yi kuskure. Ki yi mani aikin gahwara."

Bakin na ce, ban ce hannun ba. Har yau ban ga laifin hannun ba. Ina jin ta gane, don ta kau da kai tana kallon bango.

"Ga angonki," na ce. "Ya ƙi ci."

Sai a lokacin ta juyo ta dube shi. Na ga fuskarta ta canza, amma muryarta ba ta canza ba. "Kai, ragon miji! Yaji kay yi? A garinku maza ka yin yaji? Dubi wuya kamar na zakaran da anka hige." Ya saki hannuna ya faɗa jikinta. Ta jawo kwanon ɗumamenta, ta gutsuro, ta mulmula, ta kai masa. Ya buɗe baki. Ta sake, ya sake buɗewa. Ina durƙushe ina kallon tabarma, ina jin ƙarar haɗiyarsa.

Kafin in tashi, na ce wa tabarmar, ba Inna ba, "Na ƙasa-ƙasan nan dai, waɗanda ruwa ka hwantsama ma. Su ɗai na."

Inna ta sake mulmula loma. Ta ce wa yaron, "Ci, ango, ci. Masu ɗiya sun yi magana."

Da la'asar ta shiga lungun. Ta kwashe ruɓaɓɓun ta tona rami ta binne, ta gyara ƙayar. Ta yayyage wani tsohon zane ta ɗaɗɗaure rassan sama a jikin kara, na ƙasan da suka ƙi ɗaguwa ta karye su ta watsa wa akuya. Ba ta ce don ni ta yi ba, ni ma ban ce na gani ba. Daga ranar kuma in ta tsinko, ba ta ba shi a wurin. Sai ta zuba a ƙwarya, ta shige ɗaki da shi, ta saki labule.

Abin da ke faruwa bayan labulen nan shi ne ban sani ba, kuma shi ya hana ni sakewa. Da safe in na ɗauko fo sai in ga 'ya'yan tumatir a ciki, wato yana ci ɗanye. An wanke, ba a wanke ba, wannan ba a fo ake ganinsa ba. Tambaya kuwa ba ni da bakinta, na riga na kashe nawa bakin a rana ɗaya. In na ji an ce wani yaro a unguwa yana gudawa, sai in wuni ina satar kallon nawa, in ya yi jim in ce shi ke nan, in ya tashi da gudu in sauke numfashi. Yana dai ci, wuyan ya koma, kumatu sun fito. Lungun yana nan da warinsa, yara na tsugunawa, tumatir na ƙara ja.

Wajen ƙarshen damina, wata rana muna tsakar gida ana sussukar ɗan geron da aka samo, sai ga shi ya fito daga ɗakin Inna yana tangaɗi, da rabin tumatir a hannu, ya gatsa gefe, ruwan na bin gwiwar hannunsa. Ya ratsa mata duka ya zo gabana ya tsaya. Na kau da kai yadda ya kamata. Ya ƙi tafiya. Ya ɗaga hannu yana tura mini abin a leɓe.

Inna ta leƙo daga ƙofarta. "Yau ango ya yi cehwane. A karɓa mana, kada a kunyata shi."

"Karɓi, 'yar gayu," in ji 'yar Moriki. "Daga gonar gida na."

Duk idanu suna kaina. Na karɓa. Yana da ɗumi, da yawunsa a jiki, 'ya'yan cikin suna leƙowa. Na kai shi kusa da baki kamar zan ci, sai hancina ya riga bakina. Ƙamshin sabulun wanki ne a jikinsa, mai ƙarfi, irin na wanda aka cuɗa da gaske ba a ɗauraye sosai ba. Na sake shinshinawa don in tabbata. Na kamo hannun yaron kamar zan matsar da shi gefe, shi ma hannun sabulu yake.

Na ɗaga kai. Inna ta riga ta juya tana faɗa da kaza.

Na ce, "An gode, Allah shi ƙara buɗi." Yaron ya koma wurin kakarsa da gudu. Ban ci ba. Na riƙe shi a tafin hannu har hankalinsu ya koma kan sussuka, sannan na miƙa hannu ta baya na ba akuya, na tashi na je na wanke hannuna.